Farar Kazar da Za Ka Sauke a Argungu

Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin mota lafiya, direba yana cikin hankalinsa, hanya kuma ta yi muku sauƙi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka tun daga tashar garin nan har Gusau, Ya sa aikin malamin gona da gwamnati ta ba ka ya zama alheri gare ka da mutanen da za ka yi wa shi.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya, kuka tsaya sahu ɗaya da asuba. Shekaranjiya da muna zaune a zaure na yi niyyar faɗa maka da baki, sai na ji kaina ina ba ka labarin bel ɗin inji da ya tsinke. Bakina bai saba da irin wannan magana ba. Rubutu kuwa na iya. A aji uku na sakandare na tsaya, amma har yau ban ga akawun da ya fi ni kyan hannu a garin nan ba.

Kada ka ajiye ta sai ka isa. Ka fara karantawa tun kafin ku wuce Ambursa, don akwai abin da za ka yi mini a Argungu. Kwandon da na miƙa maka kuma ka riƙe shi tsakanin ƙafafunka, kada ka yarda a jefa shi bayan mota tare da buhuna. Farar kazar nan da ke ciki ba guzuri ba ce. Za ka gane in ka yi haƙuri da ni zuwa ƙarshe.

Ka san ban gaji komai ba. Da gyaran keke na fara a bakin kasuwa, ƙarƙashin bishiya, da sifana uku da famfo na aro. Daga nan injin niƙa, daga nan injin casar shinkafar da kake gani yau manoman fadama suna layi a kansa. Ba na jin kunyar faɗar wannan, kuma ba zan daina faɗa ba. Sai dai mutumin da ya gina kansa da hannunsa yakan ɗauka duk abin da bai fito daga kansa ba ƙarya ne. Wannan ciwon shi ya ci ni, kuma ta kan kaji ya shigo.

Ranar da aka kawo innarka Hauwa'u daga Argungu, cikin kayanta akwai wani ɗan kwando da kakarta ta ba ta, da kaza da zakara a ciki. Ban taɓa ganin irinsu ba, kuma har yau ban gani a wani gida ba sai inda suka fita daga namu. Launinsu ruwan toka ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, kamar hadarin da ya haɗo ta gabas bai kai ga zuba ba. Kowane gashi da baƙin layi siriri a bakinsa, sai ka ce tela ne ya bi shi da zare. Zakaran wuyansa ya fi duhu, zankonsa ja wur. In ya tsaya cikin hantsi, mai wucewa sai ya waiwayo. Ni da nake cewa kiwon kaji aikin mata ne, na wayi gari ni ke kawo musu karyayyar shinkafa cikin aljihu.

Da kazar ta yi kwancin farko ta ƙyanƙyashe, sai na ga abin da ya ɓata mini rai. Kusan rabin 'yan tsakin ne kawai suka biyo iyayensu. Sauran, wasu baƙaƙe ƙirin, wasu farare da ɗigo-ɗigon toka a jiki kamar an yarfa musu tawada. Nan take na yanke hukunci cewa zakaran maƙwabta ne ya tsallako katanga. Innarka tana tankaɗe, ta yi dariya ta ce:

"Ba wani zakaran da yat tsallako, Malam. Haka suke tun ga kakata. In toka tsantsa kaka so, baƙin zakara za ka ba hwarar kaza."

Na ce mata wannan zancen tsofaffi ne. Na ce ni na shiga aji, na ga littafin da aka zana kaji kowane iri da irinsa, kuma jini ba fenti ba ne da za a dama baƙi da fari a sami toka. Na yi ta bayani har da ɗaga yatsa. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗenta.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma kai ya fi shafa, don aikin da za ka yi ke nan. Za ka shiga ƙauyuka da takardar shaida da babur na gwamnati. Wata tsohuwa da ba ta san harafi ko ɗaya ba za ta gaya maka abin da ya saɓa wa littafinka. Ba na ce maka duk abin da ta faɗa gaskiya ne ba. Amma ka tambaye ta sau nawa ta gani da idonta, kuma a wurin wa ta ji. In ta ce tun kakarta, to ka sani mutum uku sun riga ka yin gwajin, ba su dai rubuta ba ne. Ka zauna a tabarmarta ka ji. Ni tsaye na yi, ina ɗaga yatsa.

Kuskure na biyu ya fi muni, kuma ban taɓa ba kowa labarinsa yadda ya faru ba, har gwaggonka Asabe da ta raine ka, Allah Ya ji ƙanta.

Lokacin da na kafa injin casa, baki ya yi yawa a kaina. Ka san mutanenmu, in mutum ya tashi da sauri sai a ce akwai bokan da ke yi masa aiki, kuma abin da boka ke nema a yanka masa baƙar kaza ce. Wata rana a tasha, cikin mutane, wani da muka fara gyaran keke tare, wanda har yau yana nan inda na bar shi, ya dube ni ya ce, "Garba, injin nan naka, baƙar kaza nawa yaka ci ga shekara?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta biyo ni har gida. Ni da na yi shekaru ina cin garin rogo da ruwa don in tara abin sayen injin farko, a ce wai aljani ne ya ba ni.

Ran nan na kafa doka: baƙar kaza ba za ta sake kwana a gidana ba. Duk tsakon da ya fito baƙi a fitar da shi. Innarka ta ce mini sau ɗaya, a hankali, in baƙaƙen suka ƙare irin zai lalace. Na ce na gama magana. Ashe ta ɗauki biyu, mace da namiji, ta ɓoye su bayan rumbu cikin wani tsohon akurki, ta jingina zana a kai. Wata da watanni tana ba su tsaba ban sani ba, don ba na zagayawa can.

Sai shekarar da na sauke farali. Kwana biyu da dawowata zaure ya cika da 'yan barka da sauka, an baza tabarmi har waje, ana rabon dabino da zamzam. Ina zaune cikin fararen kaya, ina murmushi da gangan don a ga haƙorin Makka. Kana da shekara bakwai lokacin, kana iya tuna taron ko da ba ka tuna sauran ba. Ana cikin haka sai ga baƙin zakara ya fito daga cikin gida ta ƙofar zaure, ya tako har tsakiyar tabarma, ya kaɗa fukafukai ya yi cara. Baƙi ƙirin, gashinsa har wani kore-kore yake yi don ƙoshi. Mutumin nan na tasha yana cikin taron. Ya gyara murya ya ce, "Ashe shi ma ya zo yi ma Alhaji barka da sauka."

Kafin la'asar na rubuta takardar saki. Layi biyu ne, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Na shiga na miƙa mata. Innarka ba ta yi boko ba, amma ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Ta duba takardar ta daɗe, sannan ta ce, "Hannunka na da kyau, Alhaji." Washegari da safe ta shiga motar Argungu da akwatinta da baƙaƙen kajin nan biyu cikin kwandon da ta zo da shi.

Gwaggonka ta yi ta bina in tafi biko. Na ce sai dai yayan innarka ya zo ya ba ni haƙuri tukuna, tun da ni aka kunyata. Bai zo ba, don me zai zo? Idda ta cika ina jira a ba ni haƙuri.

Nasiru, mutumin da ya yi waccan magana ya manta da ita kafin ya kai gida. Na tabbata da haka, don bara mun haɗu a jana'iza ya tambaye ni lafiyar iyali da zuciya ɗaya. Na rushe gidana don in rufe bakin da ya riga ya rufe kansa. Za a yi maganarka a Gusau. Za a ce yaron ga yana da girman kai, ko a ce ya ci wani abu, ko a ce ɗan wane ne shi ya sa. Ka duba tsakaninka da Allah, in babu, ka ci tuwonka. Kada ka dawo gida ka huce a kan wanda ke dafa maka shi. Kuma kai ma ka gaji kyan hannu, na ga takardunka. In ka rubuta wani abu cikin fushi, ka ninke shi ka sa aljihu, ka yi salla biyar da shi a jikinka kafin ka miƙa wa kowa. In ka yi haka, yawancinsu a aljihun za su mutu.

Bayan tafiyarta na ɗauki kajin na mai da su aikina. Ina ganin so nake in nuna mata, ko da ba ta gani, cewa zan fitar da toka tsantsa ba tare da baƙi ba. Na gina akurki na bulo da waya, wanda ka sani, na toshe duk inda zakaran waje zai shigo. Na riƙa ɗaura musu zare a ƙafa, ja ga 'ya'yan wannan, kore ga 'ya'yan waccan. Toka da toka kawai nake haɗawa. Amma kowane kwanci abu ɗaya ne: ga masu ruwan toka, ga baƙaƙe, ga farare masu ɗigo. Na ce jinin ne bai gama wankuwa ba, sai na ƙara tsanantawa. Baƙaƙen da fararen duka nakan tura su ta ƙofar baya gidan Maman Tunde, Bayarabiyar nan maƙwabciyarmu mai sayar da tasoshi, don ita ba ruwanta da maganar mutane. Takan karɓa ta ce, "Kawo, Alhaji, ni tukunyata ba ta ganin kala."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da yake kaɗan nake bari, wa yana hawan ƙanwa, ɗa yana hawan uwa, sai kajin suka fara ƙanƙancewa. Ƙwai ya riƙa yin baragurbi. Tsako ya fito da yatsu a karkace, ko ya kwana biyu ya mutu ba dalili. Ga kyau a ido, ba ƙwari a jiki.

Ban lura ba sai daga baya cewa yadda nake yi da kaji haka nake yi da mutane. Duk ma'aikacin da ya taɓa ce mini "Alhaji, ba haka ba ne" a wurin inji, bai ƙara wata ba. Na sake aure sau ɗaya, ka sani bai daɗe ba, kuma ba laifin baiwar Allah ba ne. Yau in na ce rana daga yamma take fitowa, akwai mutum shida a wurin inji da za su ce haka ne, Alhaji. Ba ɗaya cikinsu da zan iya kira in ce zo mu zauna, raina ba daɗi. In ka sami wanda yake musu da kai don yana son ka, ka riƙe shi ko da yana ba ka haushi. Masu kama da kai ba za su ƙara maka komai ba.

Akwai wanda na yi maka kai kanka, ban sani ba ko kana tunawa. Ni dai ina tunawa. Kana aji huɗu na sakandare ka dawo hutu, ka same ni ƙarƙashin dogon yaro ina ware 'yan tsaki. Ka tsuguna ka ce, Baba, an koya mana wani abu mai kama da wannan. Ka ɗauki tsinke ka zana gida huɗu a ƙasa, ka fara cewa kowane tsako rabi yake ɗauka wurin uba, rabi wurin uwa. Ban bari ka kai gida na uku ba. Na sa takalmi na shafe zanen, na ce ni na sa ka makarantar, ba za ka dawo ka koya mini kajina ba. Ka ce, "To, Baba." Muryarka da tata iri ɗaya ce wurin faɗar wannan kalma. Tun daga ranar ba ka sake yi mini maganar kaji ba, kuma in na duba da kyau, ba ka sake kawo mini wata magana da ta wuce gaisuwa da aike ba. Na so in ce miskilanci ne irin na samari. Ba shi ba ne, takalmina ne. Ka yafe mini wannan. In Allah Ya ba ka ɗa ya tsuguna gabanka da tsinke, ka bar shi ya gama zanensa.

Yanzu ga yadda na gane.

Shekara uku da suka wuce mijin Maman Tunde ya kwanta rashin lafiya, na shiga duba shi. Ban taɓa wuce zaurensu ba sai ran nan. Ina fitowa daga ɗakinsa sai na ga wata farar kaza mai ɗigo, da jan zarena har yanzu a ƙafarta, tana jan 'yan tsaki tara. Na ƙirga su sau biyu. Tara ɗin nan duka ruwan toka ne, ba baƙi ko ɗaya, ba fari ko ɗaya, kuma ƙosassu, sun fi nawa girma. Na tambaye ta ina ta sami zakaran toka. Ta ce wane zakaran toka, ita zakara ɗaya gare ta, ta nuna shi da ludayi. Yana kan turmi, baƙi ƙirin, cikin waɗanda na tura ta ƙofar baya.

"Kullum haka suke yi mini," in ji ta. "Baƙin nan da farar nan, toka kawai suke haihuwa. Na ɗauka ka sani, Alhaji. Na ce mutumin nan kirki gare shi, yana ba ni masu kyau yana riƙe ragowar."

Ban san yadda na yi mata sallama ba. Na dawo gida na zauna ƙarƙashin dogon yaro, na ɗauki tsinke na sake zana gidajen nan huɗu naka, na yi ta juya su har aka kira la'asar. Ga abin da na fahimta, ka gyara mini in na yi kuskure, yanzu zan saurara. Asalin kazar baƙa ce. Akwai wani abu cikin jininsu mai wanke baƙin, kamar yadda baƙar riga ke kodewa. Tsakon da bai ɗauko shi ba ko ta ɓangare ɗaya, baƙi zai fito. Wanda ya ɗauko ta ɓangare ɗaya, an wanke shi sau ɗaya, shi ne mai ruwan toka. Wanda ya ɗauko wurin uba ya kuma ɗauko wurin uwa, an wanke shi sau biyu, shi ne fari mai ɗigo. Ke nan mai ruwan toka kullum rabi da rabi ne, ba yadda za a yi ya haifi irinsa zalla, ko shekara ɗari za ka yi kana tacewa. Amma baƙi ba shi da abin bayarwa sai baƙi, fari ba shi da abin bayarwa sai wankin, in suka haɗu dole kowane tsako ya fito toka. Abin da innarka ta faɗa ke nan tana tankaɗe, cikin numfashi ɗaya. Ni ya ɗauke ni shekara ashirin da ɗoriya da mace ɗaya.

Na koma na roƙi Maman Tunde dakwalwa ɗaya fara, ta ba ni tana yi mini tsiya, wai kyauta ta dawo gidan ubanta. Ka lura, fara na roƙa. Ko a ranar ban iya buɗe baki na ce ta ba ni baƙin ba. Na ce a raina in lokaci ya yi zan mai da kazar gidan Maman Tunde a haɗa ta da baƙin zakaran. Kafin lokacin ya yi, ciwon kajin nan na bazara ya shigo unguwa, mai sa su murɗe wuya suna zagaye. Kana makaranta, ba ka ga abin ba. Cikin mako guda na kwashe masu ruwan tokana duka na binne bayan rumbu, daidai inda tsohon akurkin nan yake. Na Maman Tunde ma ba wanda ya tsira. Farar nan kaɗai ta tashi, ita ce a ƙafarka yanzu.

Na gwada sayen baƙin zakara a kasuwa, na ajiye shi can wurin inji. 'Yan tsakin suka fito da ja-ja a wuya, launi a dagule, ba zaren nan na bakin gashi. Ba jininsu ba ne. Jininsu wuri ɗaya ya rage. Na taɓa jin kana gaya wa gwaggonka, ba ka san ina bayan katanga ba, cewa tsakar gidan kawunka a Argungu cike yake da baƙaƙen kajin innarka, ba ta barin wani zakara ya shiga cikinsu, kuma ta ce maka tun da ta bar Birnin Kebbi ba ta sake ganin mai ruwan toka ba. Ba za ta gani ba kuwa, baƙi da baƙi sai baƙi. Rabin yana wurinta, rabin yana wurina, shekara goma sha biyar.

Babban kuskurena ba sakin ba ne, ba takalmin ba ne. Shi ne shekara ukun nan da na yi bayan na sani. Argungu ba nisa, motata tana bi ta can duk lokacin da zan je Sakkwato neman kayan inji. Sau biyu na rage gudu daidai kwanar unguwarsu, sau biyu na taka mai. Kullum sai in ce bari sai bayan salla, bari sai an gama girbi. In ka gane ka yi wa wani laifi, ranar da ka gane ita ce ranar da ta fi sauƙin zuwa. Kowace rana bayanta ƙafa ƙara nauyi take yi. Ga ni yau, mai inji, mai gida, mai haƙorin Makka, ina laɓewa bayan ɗana da kaza.

Kazar ta fara tsufa. Tana ƙwai har yanzu, amma ba kamar da ba, ban tsammanin za ta kai wata damina tana yi. In ba a haɗa ta da zakaran innarka a bana ba, irin kakarta ya ƙare a hannuna.

Ga abin da nake so. Ka sauka a Argungu, na riga na yi magana da direba zai ajiye ka, motar Sakkwato ba ta yankewa kafin azahar. Ka gai da kawunka da kyau. Ka ba kazar ruwa kafin ka shiga da ita, kada ta isa a galabaice. Ka ajiye kwandon gaban innarka. Ba biko na aike ka ba, lokacin biko ya wuce tun kana firamare, na san ta yi wani auren a Augie har Allah Ya yi wa mijin rasuwa ta dawo gidan kawunka, kuma ba ni da bakin neman komai. Ban ba ka takarda zuwa gare ta ba da gangan. Ta karɓi takarda ɗaya daga hannuna, ta isa. Da baki za ka faɗa, kuma kada ka gyara mini magana don ta yi daɗi. Ka ce: Baba ya ce ba wani zakaran da ya tsallako. Ya ce ke ce da gaskiya tun ranar, shi ne bai sani ba. Ya ce ki yafe masa don Allah.

In ta yi shiru, kada ka cika ta da magana, ka ci abincin da ta ba ka ka kama hanya. In ta ce ba ta so, kada ka yi musu, kada kuma ka dawo mini da kazar, ka bar ta nan tsakar gidan, zakaran ba ya buƙatar izinin kowa. Duk abin da ta faɗa, ka rubuto mini shi daga Gusau yadda ta faɗe shi, ko mai zafi ne. Zan riƙa leƙa gidan waya.

In kuwa ta karɓa da hannunta, to akwai roƙo ɗaya, shi ma sai in ka ga fuska. In ka zo wucewa hutun salla, ka ce ta ba ka tsako ɗaya ka kawo mini. Ba mai ruwan toka ba, waɗannan nata ne, ta daɗe tana jiransu. Baƙi nake so, namiji. A zaure zan sa masa kaskon ruwa, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa ya gani.

Gobe war haka ba abin da zai motsa a tsakar gidan nan. Kai ka tafi, kazar ma ta tafi, sai ni da akurkin bulo. Ban faɗa don ka ji tausayina ba, ni na gina shi haka, kuma ginin ya yi kyau.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka ci abinci kafin ka hau babur. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen da za su gaya maka gaskiya, Ya ba ka kunnen jin ta tun da sauran lokaci. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. Amin.

Ka duba ta taga, ina jin kun kusa. Ka gyara riƙon kwandon.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Garba Mai Inji.